Mai Neman Zango na Uku

A ɗakin jiran wani jigon jam'iyya a unguwar Kado, akwai wani mai tumbi cikin farar shadda da ta sha sitaci. Katin da ya miƙa wa sakatariya ya nuna ɗan majalisar jiha ne, zango biyu. Da alama a garinsu ko tari ya yi sai mutum goma sun ce, "Sannu, ranka ya daɗe." Nan kuwa tun hantsi yake zaune, ko ruwa ba a ba shi ba. Gobe ake rufe sunayen 'yan takara, nasa bai shiga ba.

Sakatariyar ta leƙo. "Honorabul, oga yana kira."

Mutum bakwai suka miƙe tare, har da shi. Ta nuna wani dabam. "Sauran sai wani satin, oga zai yi tafiya."

Mai tumbin ya tsaya yana kakkaɓe riga, kamar dama abin da ya tashe shi ke nan. Wayarsa ta yi ƙara, magoya bayansa ne daga gida. Ya juya wa sakatariya baya, ya rage murya.

"Yanzu muka rabu da shi. Ku buga fosta."