Mai Cewa Na'am

Ina ɗinki a Kurmi a lokacin, ban yi aure ba, kuma Allah ya yi ni da bakin kwaikwayo. Ba wanda nake ƙyalewa, har ladanin unguwarmu mai i'ina bai tsira ba.

Wani abokina da ke aiki a gidan rediyo ya aro na'urar naɗar magana, ya haɗo da wani tsohon zaren naɗi da ba mai neman sa. A ciki akwai wa'azin malamin nan da ya taɓa kafa sansani a bayan Ƙofar Na'isa, mai cewa ruwan rijiyoyin birni ya haramta, kuma duk wanda ya bi shi ba shi da uwa ba shi da uba sai shi. Da hukuma ta kore shi, samari da dama suka bi shi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Na haddace wa'azin tsaf, har da gyaran muryarsa. Akwai kuma wani saurayi a zaren, duk inda malam ya numfasa sai ya ce "Na'am, Malam," ta hanci. Wannan shi ne rabon abokina. Ya toshe hanci ya amsa, ni kuwa na naɗa zanen gado a ka ina buga sanda, jama'a suna riƙe ciki don dariya. Duk Juma'a bayan la'asar muke yi a zauren gidan su abokina, domin su ne masu lantarki a layin.

Wata Juma'a ina tsakiyar tsine wa rijiyoyi, sai tsohuwar nan mai daddawa ta ƙarshen lungu ta shigo, mayafinta na ja a ƙasa. Ta tagar zauren ta jiyo ni. Ta durƙusa a gabana ba ta ɗaga kai ba.

"Allah gafarta Malam, ina yarona?"

Na warware zanen a hankali. Ta dube ni, ta gane ni, don tun ina rarrafe ta san ni. Abin da ta ce kawai shi ne, ashe ni ne. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na shiga kame-kame ina nuna mata na'urar, wai daga can na koya, kamar hakan zai wanke ni.

Ta tambaya ko da gaske maganar wancan lokacin tana cikin akwatin. Muka ce tana ciki. Ta ce a kunna mata.

Malam ya yi ta ihunsa, ko a jikinta. Amma da na'am ta farko ta fito, sai ta dafe ƙirji.

"Shi ne," in ji ta. "Mura yake yi. Ba ya jin magana, da ruwan sanyi yake wanka da asuba."

Muka yi ta mayar mata da zaren baya har aka kira magariba. Abokan dariyarmu duk sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Da ta ji za a mayar da na'urar wurin aiki washegari, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, tunda na iya muryar mutane, ko na iya ta ɗanta.

Na ce mata ban iya ba. Abokina, wanda ya iya, ya juya mana baya yana naɗe wayar lantarki.