Akuyar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Da safiyar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, ina cikin cunkoson motoci a titin Wendover, a nan ƙasar waje da muke zaune, Scholastica ta kira ni ta ce, "Malam Seth, Baba ya tafi." Na gangara gefen titi na kashe mota. Baba Malachy, ka rasu a gidan 'yarka Scholastica a garin Pleasant Garden kana da shekara tamanin da shida, kuma ka rasu ban nemi gafararka ba. Shi ya sa nake rubuta wannan da sunana, domin kowa a ikilisiyarmu ya karanta.

Shekara tara ke nan da Scholastica ta ɗauko ka daga Kafanchan bayan rasuwar matarka. A lokacin ina fama da ajin Hausa na ranar Asabar, a ɗakin da muke haya a titin Gate City Boulevard. Ina yi wa yara Hausa, suna mayar mini da Turanci. Wata Asabar ka shigo ka zauna a baya. Da ka ga na gaji, sai ka miƙe, ba ka ce uffan ba. Ka ɗauki ƙwaryar da babu ita, ka kurɓi kunun da babu shi, ka zaro ido, ka shiga fifita harshe da hannu. Treasure, yarinyar da ta shekara biyu a ajin ba ta taɓa furta kalmar Hausa ba, ta yi tsalle ta ce, "Zafi! Kunu da zafi!"

Daga ranar ajin ya zama namu mu biyu. Kai kana yi da jiki, yara suna faɗa da baki. Na ba ka makullin ɗakin, ka riƙa riga kowa zuwa, ka jera kujeru, ka kunna na'urar ɗumama ɗaki tun kafin yaran su iso.

Amma akwai abubuwan da na lura da su na ajiye a raina. Ba ka yarda a ɗauke ka hoto. Da an ɗaga waya sai ka kau da fuska. Ranar bikin godiya da aka kira sunanka a lasifika, na ga ka razana kamar an tsikare ka. Na tambaye ka inda tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa irinka ya koyi irin wannan wasa, ka ce, "An daɗe," ka canza magana.

Sai Mama Perpetua ta zo daga gida jegon surukarta, ta kuma zauna. Lahadinta ta farko ta ji sunanka, ta dubi tsagar da ke kunnenka na hagu, ta tare ni a wurin ajiye motoci.

"Malam, dattijon nan da kuka danƙa wa 'ya'yanku, kun san shi kuwa? Malachy ɓarawon akuya ke nan. Da idona na ga an bi shi da sanduna a garinmu ina yarinya."

Mama Perpetua ba maƙaryaciya ba ce, kowa ya shaida. Kafin Laraba iyaye huɗu sun kira ni. Ranar Asabar na nemi makullin, na ce maka wai dokar inshora ce. Ka dube ni, ka ciro shi daga aljihu, ka ce, "Malam, zauna. Majigi ne fa."

Ga abin da ka gaya mini. A 1957, kana ɗan shekara sha takwas, kana masinja a ofishin da ke yawo ƙauyuka da motar majigi. Mai ɗaukar hoto ya ga fuskarka tana iya magana, ya sa ka a gajerun finafinai huɗu na wayar da kai. Ka fito a mai ƙin allurar shanu, ka fito a mai shan ruwan kududdufi, ka fito a ɓarawon akuya a wanda ke koya wa mutane su kai mai laifi gaban alƙali maimakon duka. Finafinan ba su da sauti. Wani ne ke tsayawa gefen mota da lasifika yana faɗin abin da ke faruwa, abin da ya faɗa kuwa shi ne labarin. Mai lasifikar abokinka ne, Surajo. Wata rana don tsokana ya kira ɓarawon da sunanka na gaskiya. Jama'a suka yi dariya, shi kuma ya ci gaba, gari bayan gari, har shekara biyu. Ka ce a kasuwar Zonkwa mata na tattara kayansu in ka doso. A 1959 ka ajiye aikin, ba ka ƙara tsayawa gaban kyamara ba.

Na saurara ina gyaɗa kai, amma zuciyata tana lissafin wani abu dabam. Na koma gida na bincika intanet. Na rubuta wa ɗakunan adana tsofaffin finafinai guda biyu. Babu sunanka a ko'ina, babu fim ɗin akuyar. Na ce a raina, labarin da ba za a iya tabbatarwa ba shi ya fi yi wa mai laifi daɗin faɗa. Ban mayar maka da makullin ba. Shekara biyu kana zuwa coci kana zama a layin ƙarshe, in yara suka rugo wurinka iyayensu su kira su da ido. Kullum kai ke fara gaishe ni.

Ranar Asabar da ta wuce, a zaman makoki, Scholastica ta fito da hoto ɗaya da ta samu a ƙasan akwatinka. Saurayi ne da akuya a kafaɗa yana dariya, a gefensa ga kyamara kan ƙafa uku. Hoton ya zagaya har ya kai hannun Mama Perpetua.

"To, ai ga akuyar nan," in ji ta. "Me na gaya muku?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, har a lokacin ina tambayar kaina ko kai ne a hoton. Amma Mama ba ta miƙa shi gaba ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku tsaya. Akuyar nan ba ta yi kuka ba."

Ta ɗaga hoton, ta ci gaba.

"Wa ya taɓa saɓa akuya ta yi shiru? Ina ganin bakinta a buɗe, amma ba na jin komai. Masu sandunan ma ba na jin ihunsu. Murya ɗaya ce kawai, daga sama, tana kiran sunansa. Mu kuma muna zaune a ƙasa, muna kallon farin ƙyalle." Ta rufe fuska da gefen mayafinta.

Ita tana da shekara takwas a lokacin, kuma shi ne majigin farko da ta taɓa gani. Ni na yi karatu, ina tsayawa gaban yara ina koya musu kada su yanke wa mutum hukunci da jita-jita, kuma daga bakinka na ji gaskiyar. Ba ni da irin uzurinta.

Baba, na miƙa wa Scholastica makullin, na roƙe ta ta sa shi a aljihun rigar da za a binne ka da ita. Bayan jana'iza yaran ajinmu za su yi wasan kunu mai zafi, ba magana, yadda ka koya musu. Ni zan riƙe lasifika. Zan ce wanda ya koya musu shi ne Malachy, ɗan wasan majigi, wanda bai taɓa satar akuyar kowa ba.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutu na har abada, haskensa ya haskaka maka. Ga Scholastica da mijinta Fredrick, da jikokinka, da 'yan uwa na Kafanchan, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya kuma ba ku ikon yafe mana. Amin.