Farin yashi a tabarmar jirgi

Mijina ya rasu bayan girbi, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da kwale-kwale ɗaya. Da jirgin nan ya ciyar da mu tun aurenmu. Aikinsa ɗaukar baƙi ne daga ƙasan gadar Binuwai a nan Garwa, ya kai su su ga dorina da tsuntsaye, in an yi sa'a su ga kififiya ta fito shan rana. Yawancinsu ma'aikata ne daga kudu da suka zo hutu, wani lokaci Turawa.

Yana da dokokinsa. Ba a jefa wa dorina abinci. In an kusa inda suke, yakan kashe inji ya koma filafili. Babbar dokar kuwa ta wani tsibirin yashi ce da ke fitowa in ruwa ya ja baya. Daga shigowar zafi har ruwan farko, baƙo ba ya taka shi, domin a nan kififiya ke binne ƙwanta. Sai dai a kewaya a kalla daga cikin jirgi. Shi kaɗai yake sauka can da sassafe. Bai taɓa gaya mini abin da yake yi ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na sani, yakan dawo da wani tsohon buhu a jiƙe, duk farin yashi, in shanya ina mita.

Da na shiga takaba, dangi suka ce ƙaninsa ya riƙe jirgin kafin in fita, sannan ni in yanke: ko in bar masa, ko in ba wani. Da can abokin wasana ne. Yakan shigo yana kirana matarsa, ni kuma in ce ya fara sayen takalmin kirki tukuna. Bayan rasuwar wasan ya mutu, ya koma kirana Adda, wato yaya, kamar sauran yaran unguwa. Kowace yamma yakan kawo filafilai da tabarmar da baƙi ke zama a kai, ya jingine a zaure, ya gaishe ni daga bayan labule ya tafi.

A watan ƙarshe na takaba na fara ganin yashin. Ina kakkaɓe tabarma sai ga shi yana zuba, fari, mai laushi. Mashigar jirage ta ƙasan gada baƙar laka ce, na daɗe ina wanke ta daga ƙafar wandon marigayi. Wannan kuwa yashin tsibiri ne, kuma a inda baƙi ke ɗora ƙafa na same shi.

A makon ne wata maƙwabciyata mai soya kifi ta shigo gaisuwa. Cikin hira ta ce bana ƙwan kififiya ya yi yawa a bakin gada, har a kwano ake tallarsa, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Tana maganar tana kallon filafilan da ke zaure. Ko kuma ni ce na ga kamar tana kallo.

Daga nan komai nasa ya zama abin dubawa a wurina. Ta ƙasan labule na ga ya sa sabon takalmi. Ya daina tsayawa shan ruwa. Tsintsiyata ta ɓace daga bayan ƙofa, babbar 'yata ta ce baffanta ne ya ara. Na ce a raina, ya ɗauka ne don ya riƙa share yashin daga jirgi kada in gani. Wata yamma na tambaye shi labarin tsibiri. Ya ce guza ta dame su bana, tana tone ƙwai. Na riga na fara tunanin wanda zan ba jirgin, wani dattijo da ya yi tuƙi tare da marigayi.

Kwana uku da fitata takaba na ce zan bi jirgi. Ranar yana da baƙi biyu, mata da miji daga Yawunde. Na zauna a baya ina kallon hannunsa. Ya kashe inji a daidai inda ya kamata. Da matar ta ciro burodi za ta jefa wa dorina, ya hana ta cikin ladabi. Da muka zo tsibiri, mijin ya roƙe shi da Faransanci a sauke su minti biyu kawai su ɗauki hoto. Ya ƙi, amma kafin ya ƙi sai da ya waiwayo ya dube ni. Wannan waiwaye ya tsaya mini a rai. Na ce da ba na nan, da an sauka.

Da muka dawo na ce masa gobe bayan asuba ya kai ni inda yake zuwa kafin baƙi su fito.

Ya ce, "To, Adda," bai ɗago kai ba.

Gari na wayewa muka isa. Ban taɓa taka tsibirin ba sai ranar. Ya ce in sa ƙafa inda ya sa kawai. Ya nuna mini sawun kififiya: ƙarce biyu a gefe da gefe, tsakiya sumul inda cikinta ya ja, daga bakin ruwa har tudun yashi, a can ta haƙa ta rufe. Sai ya koma jirgi ya ɗaga tabarma ya ciro tsintsiyata. Ashe a ƙarƙashinta yake ajiye ta, daga nan yashin yake. Ya je kan sawun ya soma shara yana ja da baya, a hankali, har ya iso ruwa.

Ya ce a asibiti Hamma, wato yayansa, ya kama hannunsa ya ce kada ya bar sawun kififiya ya kai hantsi, domin da shi masu neman ƙwai ke gane ramin. Ya ce tun shigowar zafi bai fasa ko rana ɗaya ba, amma duk wanda ya share, washegari sai ya tarar an tone. Ya rasa yadda zai gaya mini, shi ya sa ya ɗora wa guza.

Na tsaya na dubi tudun. Ga layukan shara nan, kowanne faɗin tsintsiya ɗaya, sun tashi daga ruwa sun miƙe kamar an ja da igiya. A ƙarshen kowane tsohon layi akwai rami a buɗe. Babu ɓawo ko ɗaya a bakinsu, guza kuwa in ta ci ƙwai sai ta bar ɓawo. Duk macen da ta taɓa share tsakar gida ta san tsintsiya ba ta wuce wuri ba ta bar zanenta ba. Shi bai taɓa shara ba sai bana. Sawun kififiya sai mai ido yake gane shi, amma wannan ko daga tsakiyar kogi masunci zai hango.

Ya ce, "Wallahi Adda, kullum ina sharewa."

Na ce, "Na ga kana sharewa. Duk mai jirgin da ya wuce ma ya gani."

Ya dubi layin da ya gama yanzu, ya dubi ramukan. Ya tsuguna ya ajiye tsintsiyar a kan gwiwarsa.

Sai buhun nan ya faɗo mini a rai. Na tambaye shi, ya ce yana gaban jirgi, da shi yake goge inji. Na ɗauko na juya shi. Gefe ɗaya ne ya cinye, kuma akwai igiya ɗaure a bakinsa. Sau nawa na shanya shi ban lura ba. Na tsoma shi a ruwa, na zuba yashi kaɗan a ciki, na kama igiyar na soma ja. Ban bi sawu ba. Na ja shi a kwance, gaba da baya, duk faɗin gaɓar, har inda kififiya ba ta taka ba, don ko'ina ya zama iri ɗaya. Ban sani ba ko haka marigayi yake yi. Abin da buhun ya nuna mini ke nan. Da na gaji ƙanin nasa ya karɓa. A nan na juya baya na yi kukan da ban yi a gaban mutane ba.

A hanyar dawowa ya ce, "Jirgin fa, Adda?"

Na ce ya kawo filafilai da yamma kamar kullum, za mu gani in ruwa ya sauka.

Ban saki jiki nan take ba. Na ce a raina mutum zai iya shara da hannu ɗaya ya tone da ɗayan. Na riƙa bin sa ba tare da na gaya masa ranar ba, sai dai ya gan ni tsaye a ƙasan gada. Na kuma sa mai soya kifi ta riƙa duba mini kwanonin talla. Ƙwai bai ɓace gaba ɗaya ba, akwai wasu gaɓoɓin a kogin, amma ramukan tsibirinmu sun daina buɗewa sai jefi-jefi.

Dab da ruwan farko ya nuna mini wasu ƙananan sawu, kamar na 'yan tsaki, sun fito daga wurare uku sun gangara ruwa. Ranar na ce masa ya riƙe jirgin. Filafilai dai har yau a zaurena suke kwana, kuma ni nake kakkaɓe tabarma. Maganar takalmi ban taɓa yi masa ba.