Fauziyya da I'inarta

Fauziyya 'yar Mawashi ce, kuma tun tana shekara huɗu take i'ina. Magana ta cika mata baki, ta zo fita sai ta maƙale. Sai ta buga ƙafa, ta runtse ido, jijiyar wuyanta ta tashi. Innarta ta gwada rubutu, ta gwada zuma, har tsakuwa aka sa mata ƙarƙashin harshe, duk a banza.

Tana aji biyu na sakandare a Kusada, kawunta Ummaru, mai gadi a wani asibiti a Kankiya, ya kawo labarin wata ma'aikaciyar asibitin, Madam Adaugo, wadda ta karanci gyaran magana. Duk Laraba sai ya ɗauki Fauziyya a babur ya kai ta wurinta.

Ranar farko ta kasa zama. Ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo.

"Zauna, 'yata," in ji Madam. "Ja numfashi, ki saki kalmar a hankali."

"M-m-madam, in na yi a hankali, m-mutane tafiyarsu suke yi."

"Ni ba inda za ni."

Aikin ya gundure ta. Karatu a gaban madubi, jan farkon kalma, a sake, a sake. Wata rana Madam ta aike ta sayen ƙosai a bakin asibiti, ta ce ta yi i'inar da gangan, kuma kada ta sunkuyar da kai. Ta dawo tana zufa, ta dire ƙosan a tebur, ta ce ba ta ƙara zuwa. Wata uku ba ta leƙo ba. Sai da malami ya yi tambaya a aji, ita kaɗai ta san amsar, ta yi gum har aka tashi, sannan ta nemi kawunta da kanta ya mayar da ita wurin Madam.

Shekara ɗaya da rabi suka yi, aka yi wa Madam canjin wurin aiki.

I'inar ba ta rabu da ita ba. Yanzu Fauziyya ma'aikaciyar lafiya ce a Yashe, tana yi wa masu jego bayanin rigakafi, a tsaye, tana kai-komo tsakanin bencina. In wata ta yi saurin ƙarasa mata kalma, sai ta ɗaga hannu.

"B-bari, Yaya. Ina zuwa."

Bana ta fara tambayar inda ake karatun gyaran magana, don a Yashe kaɗai ta ga yara biyar masu irin lalurarta.