Ranar da Ɗana Ya Jera Takalman Masallata

Akwai wata Juma'a a Malbaza da ba na jin zan manta da ita ko da tsufa ya ci ƙarfina.

Lokacin ɗana yana da shekara shida. Ba ya hira irin ta yara, sai dai ya maimaita abin da ya ji a rediyo, kuma duk abin da hannunsa ya kai gare shi sai ya jera shi a layi: cokula, duwatsu, har albasar uwarsa. Wata likita a Konni ta ce mana sunan abin otizim, ba iskoki ba ne, amma mutanen unguwa suna nan kan bakansu. Saboda tsoron maganarsu na daina fita da shi. Yau in na tuna, kunyar kaina nake ji.

Ran nan uwarsa ta tafi suna Tajaye, dole na kama hannunsa muka tafi masallaci. Na zaunar da shi gefena a sahun baya. Ina yin kabbara ya sulale.

Ana sallamewa na ji hayaniya a ƙofa, wani yana cewa ɓarawo ya kwashe takalma. Na duba gefena, babu yaro. Na san ɓarawo yakan sha duka kafin a tambaye shi sunansa. Na fita a guje.

Ashe ko ɗaya ba a sata ba. Takalman ƙafar dama suna jere a gindin katanga, daga ƙarami zuwa babba, na hagu kuma can wajen famfon alwala, tsakaninsu rairayi mai zafi kamar an soya. Ga dattawa da manyan riguna, kowa ya samu ɗaya ya saka, suna tsalle da ƙafa guda suna neman ɗayan. Ɗana kuwa yana tsaye yana kaɗa hannuwa don murna.

Liman ya sunkuya ya ce, "Yaro, kai ɗan wa na?"

Yaron ya ɗaga kai sama, ya gyara murya irin ta mai karanta labarai, ya ce, "Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka."

Can liman ya ce, "Barka kadai." Sai dariya ta ɓarke, har wani tsoho ya zauna a kan rairayin, zafi ya tashe shi ba shiri.

Ina ta bin mutane da ban haƙuri, sai wani tela da ban taɓa yi wa magana ba ya ja ni gefe, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ya ce, "Malam, bar ba da haƙurin ga. Ɗiyata haka take. Zaren shagona duk ta jere shi launi-launi, in na taɓa guda sai kuka. Mu huɗu na masu irin yaran ga, muna zama shagona kowace Lahadi. Ka taho da shi."

Na je. A can na koyi gaya wa yaron inda za mu tun kafin mu fita, na ji wanda ɗansa ba ya cin komai sai shinkafa fara, na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Matanmu ma suka ƙulla zumunci, yau wannan ta riƙe wa waccan yaro ta je kasuwa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, masu irin damuwarka suna nan kusa, wataƙila sahu ɗaya kuke salla, amma ba za su gane ka ba muddin kana ɓoye ta.