Sa Hannun Maƙwabciyata

Tun da ɗan Adam ya ƙirƙiro alƙalami bai taɓa ƙera wani abu mai ƙarfin sa hannu ba. Na shekara goma sha biyar ina koyar da tarihin dauloli a Garwa ta ƙasar Kamaru, amma ban san haka ba sai da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa garin Poli.

Lokacin da muka rabu da uwar 'yata, kotu ta bar mini riƙon yarinyar. Ta kuma ƙara layi ɗaya mai cike da hikima: kada a fitar da ita daga Garwa sai uwar ta sa hannu, ita da kanta, a gaban ma'aikaci mai hatimi. A ranar har jinjina kai na yi, irin na masu ilimi.

Aka ba ni mako uku in kama aiki a Poli, ko a ba wani gurbin. Na je wurin magatakardan kotu da takardata.

"Uwar tana raye?" ya tambaye ni da Faransanci.

"Da ranta."

"Tana ƙasar waje?"

"Tana unguwar Pumpumre. Layi biyu ne tsakaninmu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To, Malam, je ka kira ta mana."

Haka kawai. In je in kira ta. A littafinsa babu shafin da ya ce ta sake aure, kuma tsohon miji ba ya sallama a ƙofar matar wani, ba ya buga mata waya, ko a hanya suka haɗu sai ya ga wani abin sha'awa a jikin bango. Mijin nata wani Alhaji ne mai fataucin shanu. Ya bar gida da umarnin kada ta taka waje sai ya dawo, sannan ya nausa ta garin Tuboro zuwa dajin da waya ba ta san da shi ba.

Wato fitar 'yata sai da izinin uwarta, fitar uwarta sai da izinin Alhaji, shi kuwa Alhaji sai da izinin shanu.

Na tura yayata. Ta dawo tana taunar goron da aka ba ta.

"Ta ce ta yarda ɗari bisa ɗari. Har ta saƙa wa yarinyar rigar sanyi, wai Poli akwai duwatsu."

"Yaya, rigar sanyi ba ta da hatimi."

"To kai da bokonka, ka kai musu rigar su buga mata mana. Ni dai na yi nawa."

Na koma na roƙi magatakarda a tura mai hatimin zuwa gidan Alhaji. Ya ce hatimin hukuma ba ya yawon gidaje. Na tambaya ko ta sa hannu a gida a kawo. Ya ce wa ya gani? Na ce 'yata za ta gani, don duk Juma'a can take wuni ana yi mata kitso. Ya ce shaidar 'yar shekara tara ba ta shiga fayil. Ya ba ni shawara, cikin tausayi, in shigar da ƙara cewa an nemi uwar an rasa. Uwar da nake jin ƙamshin miyarta in iska ta juyo.

Na bi direbobin manyan motoci da saƙo. Ɗaya ya ce ya ga Alhaji a wata kasuwar kan iyaka, wani ya ce ai ya tsallaka Chadi, na uku ya ce in na same shi in gaishe shi.

Ana saura kwana biyu, 'yata ta same ni ina ɗaure littattafai.

"Baba, nawa akwatin fa?"

Na ce ta ɗauko. Ta zuba kayan makarantarta, ta ɗora rigar sanyin a sama, ta danne da gwiwa ta rufe. Ban iya gaya mata cewa ni kaɗai zan tafi ba sai da yayata ta zo ta ɗora akwatin a ka, ta kama hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni ko a Poli akwai mai yi mini shayi.

Na hau mota ni kaɗai. Yarinyar da kotu ta ba ni riƙonta tana gidan Alhaji yau shekara biyu, kuma ranar da ta koma can babu wanda ya nemi sa hannun kowa.