Injiniya Bitrus da fadamar masunta

Da safen nan labari ya iso ni: Injiniya Bitrus ya rasu.

A shekarun tamanin na sauka gidansa a Fort Washington ta Amurka, ina ɗalibi, littattafaina sun fi rigunana yawa. Ya miƙo min kwat ɗinsa na sanyi ya ce, "Farfesa, sa wannan, karatunka ba zai hana ka mura ba."

Mutumin Jos ne, sai da ya girma ya ga teku, amma shi kamfani ya ɗora wa aikin zurfafa mashigar wata tashar jiragen ruwa. Lakar da za a yaso, an shirya jibge ta a fadamar wata unguwar masunta, inda suke kamun ƙaguwa.

Ya ƙi sa hannu.

Ran wata Asabar ya zuba babbar riga ya ja ni unguwar masuntan, wai sai mun gaida mai unguwa tukuna. A Amurka! Na ce, "Yallaɓai, nan fa ba Bukuru ba ce." Ya ce, "Kai dai tuƙa mota."

Muka bi gida-gida, ana leƙenmu ta taga, an ɗauka inshora muke talla. Daga ƙarshe aka nuna mana wata tsohuwa, wai ita kowa ke jin maganarta. Bitrus ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta tambaye ni ko a kira motar asibiti.

Ran da aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan aikin, tsohuwar nan ce ta cika zauren da masunta. Shi kuma ya miƙe gaban manyansa ya ce a faɗaɗa tashar, amma a kai lakar wani tsibiri da ruwa ke cinyewa. Haka aka yi. Fadama ta tsira. Ƙarin girma kuwa, har ya yi ritaya bai gan shi ba.

Watan jiya na je duba shi a Upper Marlboro, inda ya koma da zama, sai ya faɗa min abin da bai taɓa faɗa ba: "A Jos, masu haƙar kuza sun bar mana ramuka cike da ruwa sun tafi. A ɗaya ƙanena ya nutse. Ba wanda ya taɓa tambayar babanmu kafin a haƙa."

Sannan ya ce, "Za su sake faɗaɗa tashar. Ka je taron da za a yi a kai. Ka rage dogon turanci."

Taron ran Alhamis ne. Zan je, kuma zan yi magana. Akwai wurin mutum uku a motata.

Allah Ya jiƙan Bitrus, Ya ba shi hutu, Ya ba Mama Rifkatu, matarsa, da yaran haƙuri. Don Allah ku sa shi a addu'a.